Lissafin mai ga masu hawa hanyar Agadas

Salamu alaikum 'yan uwa. Tunda ana yawan tambaya a kan guzurin mai daga Damagaram zuwa Agadas, ga dabarar da na ara wurin masu yawon teku da jirgin ruwa mai tafiya da iska. Su ba sa lissafi da kilomita. Lita nawa inji ke sha a awa ɗaya, shi suke rubutawa, don ranar da iska ta tsaya injin ne kaɗai gatansu. Kuma sukan raba man gida uku: na zuwa, na dawowa, da na ajiya.

Rairayi ma haka yake. Tafiyar ta kai kilomita 450, amma in mota ta kafe bayan Tanut, injin na ta ruri yana shan gazuwal, ko taku ɗaya ba ka yi ba. Don Allah ku cika tanki, ku duba agogo, ku sake cikawa in kun isa, ku raba litocin da awoyin.

Sai jarka. Kada a cika ta har baki, a bar kamar yatsu huɗu, domin zafi na kumbura mai. A ɗaure ta tsaye da igiya, a rufa mata buhu. Wadda aka taɓa zuba wa ruwa kam a bar ta gida. Na taɓa tsiyayo ruwa ja-ja daga gindin tawa, ranar sai da na canza matatar mai a tsakiyar rana.