Yadda ake cike gwajin Rice Purity da abin da makinsa ke nufi

Gwajin Rice Purity (wato gwajin "tsarki") jerin tambayoyi 100 ne kan abubuwan da mutum ya taɓa yi a rayuwa, ana cike shi a shafin intanet. Ya samo asali daga Jami'ar Rice da ke Houston, a jihar Texas ta Amurka. Tun 1924 jaridar ɗaliban jami'ar, Thresher, ta buga sakamakon wani gwaji irinsa mai tambayoyi goma kacal. Daga baya aka tsawaita shi, TikTok kuma ya yaɗa shi ko'ina.

Duk tambayoyin na "ka taɓa yin kaza?" ne. In ka taɓa, danna akwatin da ke gefen tambayar. In ba ka taɓa ba, wuce. A ƙasan shafin akwai maɓallin lissafi, lissafin kuwa ɗebewa ce kawai: a cire adadin akwatunan da ka danna daga 100. Wanda ya danna 23 zai ga 77, wato yawan maki na nufin ƙarancin abubuwan da ka taɓa yi. Haruffan MPS da za ka yi ta cin karo da su na nufin mutum daga jinsin da kake sha'awa.

Babban raunin gwajin shi ne kowace tambaya maki ɗaya take ci. Riƙe hannun masoyi da shiga hannun 'yan sanda duk kuɗinsu ɗaya. Saboda haka mutum biyu za su iya samun 80 alhali rayuwarsu ko kama hanya ɗaya ba ta yi ba. Ga shi mafi yawan tambayoyin kan soyayya da jima'i suke, sauran kan giya, ƙwaya da karya doka, kuma ba sa bambance mai aure da marar aure. Magidancin da bai taɓa kurɓar giya ba sai ya tashi da maki ƙasa da na gwauron mashayi. Da ɗaliban Amurka aka auna rigar, ba mamaki ta ƙi zama a jikin wasu. Gwajin ba na yara ba ne ko kaɗan.

Sai batun sirri. Shafukan kwaikwayo sun yi yawa, kuma ɗebe lamba daga 100 ba ya bukatar imel, lambar waya ko shiga ta Facebook. Duk shafin da ya nemi ɗaya daga ciki, rufe shi. Buɗe shafi a yanayin sirri na burauza yana hana adana tarihin a wayarka ne kawai, ba ya ɓoye ka daga masu shafin. Mafi sauƙi: karanta tambayoyin, ƙirga a takarda, ka ɗebe da kanka.

In za ka nuna sakamako, kada hoton allon ya haɗa da akwatunan. Kuma kada ka tura wa mutum ɗaya maki sau biyu a lokuta daban, domin daga 91 zuwa 86 ya riga ya san abubuwa biyar sun faru.