Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen sayen iyakwandishan mai tayoyi

Duk shekara, da zarar zafi ya kankama, sai wani ya same ni da kuka iri ɗaya: ya sayi iyakwandishan tafi-da-gidanka, irin mai tayoyin nan da ake turawa daga ɗaki zuwa ɗaki, ya kunna tun la'asar, amma har tsakar dare gumi yake yi. Sai ya ce an sayar masa da jabu. Sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau, mai ita ne bai san yadda take aiki ba. Na gaji da ba da amsa ɗai-ɗai, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Abu ɗaya za ku riƙe, sauran duk a kansa suke. Wannan na'ura ba ta ƙirƙirar sanyi, kwashe zafi take yi daga cikin ɗaki ta kai shi waje. Idan zafin bai sami hanyar fita ba, ko ya fita ta nan ya dawo ta can, aikin baban giwa ake yi.

Kuskuren farko tun a wajen saye ake tafka shi: sayen fanka mai ruwa da sunan iyakwandishan. Ana tallar wasu akwatuna da ake zuba wa ruwa ko ƙanƙara, har da ƙanana da ake jonawa a kwamfuta, ana kiran su na'urar sanyaya ɗaki. Gane su ba wuya. Idan babu kwamfiresa a ciki, babu kuma tiyon da ke fitar da iska mai zafi ta taga, to fanka ce da ke hura iska ta cikin jiƙaƙƙen soso. Tana da amfaninta a inda iska ta bushe, kuma sai an bar mata taga a buɗe. A inda akwai laima kuwa, ɗanshi kawai za ta ƙara, jiki ya yi ta danƙo.

Yanzu ga wanda ya ci mini dukiya, kuma har gobe idan na tuna raina yakan ɓaci: maganar tiyo.

Na'urar farko da na saya ta zo da tiyo mai tsawon kamar mita ɗaya da rabi, wanda shi ne tsawon da yawancinsu ke zuwa da shi. Gadona yana nesa da taga, ni kuma ina son sanyin ya riƙa bugo ni kai tsaye. Na tambayi wanda ya sayar mini ko zan iya ƙara tsawon tiyon, ya ce babu komai, kowa ma haka yake yi. Na samo wani tiyo mai mita uku na haɗa, na zagaya da shi ta bayan kabad, na lanƙwasa shi sau biyu kafin ya kai taga. Makon farko na lura tiyon yana zafi sosai, na ɗauka haka abin yake. Mako na uku na'urar ta fara ɗaukewa da kanta tana dawowa. Kafin lokacin zafin ya wuce, kwamfiresa ya ƙone. Da na koma, mutumin da ya ce babu komai shi ne ya buɗe littafin bayani ya nuna mini inda aka rubuta kada a ƙara tsawon tiyo, ya ce garanti ya faɗi.

Abin da ya faru a sarari yake. Fankar da ke tura iska mai zafi waje an yi ta ne daidai da gajeren tiyon da kamfani ya bayar. Duk mitar da ka ƙara, duk lanƙwasar da ka yi, tauye numfashin na'urar kake yi, zafi ya taru a cikinta, kwamfiresa ya yi ta wahala har ya gaza. Bayan haka shi kansa tiyon roba ce marar kauri, zafin da ke bi ta cikinsa yana ratsowa ya dawo ɗaki. Wato mita huɗu da rabi na abin ɗumama ɗaki na shimfiɗa da hannuna. Tun daga ranar dokata ɗaya ce: na'ura ce ke zuwa wajen taga, ba tiyo ne ke bin gado ba. Ina takure tiyon iya gajartarsa, a miƙe, sannan in naɗe shi da riga mai hana zafi fita. Wasu na ganin naɗewar ɓata lokaci ne. Ni na taɓa tiyo kafin naɗewa da bayanta, na san bambancin.

Ku kuma masu zura tiyo ta taga ku bar gefe da gefe a wangale, don Allah me kuke nufi? Kun tura zafi waje, ga shi yana dawowa ta ratar da ba ta fi taku ɗaya da bakin tiyon ba, sannan ku zo kuna zagin kamfani. Na taɓa shiga ɗakin wani ƙanena na tarar ya ajiye bakin tiyon a falo, ya ja ƙofa ya bar ta a sakaye, wai ai zafin ya fita daga ɗakinsa. Falon ya zama tanda, iskar kuma tana komowa ta ƙofar. Allon da ke zuwa da na'urar an yi shi ne don tagar da ake zugewa. Idan taka mai buɗewa ce kamar ƙofa, nemi ƙyallen nan mai zif da ake mannawa, ko a yanka maka katako daidai da tagar a huda wurin tiyo, ka toshe sauran rata da soso. Ka duba tagarka kafin ka je kasuwa, ba bayan ka dawo da kaya ba.

Wani kuskuren da ya dame ni shi ne rashin sanin bambancin mai tiyo ɗaya da mai tiyo biyu. Mai tiyo ɗaya iskar cikin ɗakin take zuƙa, wadda ka riga ka biya kuɗin wuta aka sanyaya, ta huce kanta da ita, sannan ta watsar da ita waje. To iskar da ta fita dole wata ta maye gurbinta, kuma daga ina za ta zo in ba daga waje ba? Ta ƙarƙashin ƙofa, ta ramin makulli, ta duk wata 'yar kafa, iska mai zafi na kwararowa. Gwada da kanka: rufe ƙofa, kunna na'urar, sa siririyar takarda a ƙasan ƙofar, za ka ga tana kaɗawa zuwa ciki. Mai tiyo biyu kuwa ta ɗaya take janyo iskar waje ta huce kanta, ta ɗaya ta mayar, ba ta taɓa iskar ɗaki. Ta fi tsada, ta fi nauyi, kuma ba ko'ina ake samunta ba. Duk da haka, bayan shekara biyu ina fama da mai ɗaya a ɗakin da rana ke duka, da na koma mai biyu ban sake waiwayar waccan ba. Ga ƙaramin ɗaki mai inuwa da dare kawai ake kwana a ciki, mai ɗaya ma za ta yi. Amma a kula: idan akwai na'urar dafa ruwa mai gas da ke fitar da hayaƙi ta bututu a gidan, zuƙar mai tiyo ɗaya na iya janyo hayaƙin ya dawo ciki, kuma wannan maganar rai ce.

Sai lambar BTU, wadda ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Ita ce ma'aunin yawan zafin da na'ura ke iya kwashewa a awa guda, BTU 12,000 daidai yake da kimanin kilowat 3.5 na sanyaya. Matsalar ita ce tsohon ma'aunin bai lissafa zafin da ke dawowa ta tiyo da ta ƙofa ba. Shi ya sa Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fito da wani ma'auni mai suna SACC, wanda aka fara gani a jikin kwalaye daga 2017. Na'urar da ke ɗauke da 14,000 a tsohon lissafi sau da yawa 10,000 ce ko ƙasa da haka a sabon. Idan ka ga lamba biyu, ƙaramar ce gaskiya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ga yadda nake nawa lissafin, ban ce kowa ya yarda ba. Ina auna tsawo da faɗin ɗaki da tef, ba da ido ba. Kowane murabba'in mita ina ba shi BTU 400 na babbar lambar kwali. Ɗaki mai mita 4 da mita 5 murabba'i 20 ke nan, wato 8,000, sai in ɗauki mai 9,000. Idan ɗakin yana saman bene ƙarƙashin rufi, ko tagarsa na kallon yamma, 12,000 nake hawa ba tare da shawara ba. Mutane sun wuce biyu, a ƙara 600 a kan kowane mutum. Kicin a ƙara 4,000. Kada kuma a wuce gona da iri: wadda ta fi ƙarfin ɗaki takan sanyaya iska da sauri ta ɗauke kafin ta tsotse laima, sai ka ji sanyi mai ɗanshi marar daɗi. Kuma na'ura ɗaya ta ɗaki ɗaya ce. Masu buɗe ƙofofi wai sanyi ya zagaya gida, ba zai zagaya ba.

Ƙara ma ana mantawa da ita har sai daren farko. A iyakwandishan na bango kwamfiresa yana waje, a nan kuwa yana gefen gadonka. Yawancinsu suna tsakanin desibel 50 zuwa 65, gwargwadon yadda aka auna. Idan barcinka ba nauyi, sa a kunna maka ita a shago ka jira har kwamfiresa ya tashi, domin fanka kaɗai ba ta nuna gaskiyar ƙarar. Masu inbata, wato waɗanda kwamfiresansu ke ƙara gudu da rage shi a hankali, sun fi sauƙi, saboda ba sa tashi da faɗuwa farat ɗaya.

Wuta kuwa, a lissafa tun kafin saye. Na'ura mai cin wat 1,100 idan ta yi awa takwas kwamfiresa bai huta ba ta sha kilowat-awa 8.8, a wata ya kai 264. Duba lambar EER, wato ma'aunin sanyin da na'ura ke bayarwa a kan wutar da take ci, duk wadda ta fi girma ta fi tattali. A tambarin Tarayyar Turai ajin A yana farawa daga 2.6, A+ daga 3.1. A jona ta a soket ɗin bango kai tsaye. Na ga wayar ƙari da ta narke a bayan labule saboda wannan, ba na son in sake gani.

Sauran ƙanana ne, amma su ma ana yin su. An kawo na'ura a kwance a mota, an kunna nan take: a bar ta a tsaye, ni kwana guda nake ba ta, man kwamfiresa ya koma mazauninsa. Saita ta a digiri 16 ba ya sa ta yi sauri, hana ta hutawa kawai yake yi, ni a 25 nake barin tawa tare da fanka. A bar mata kamar rabin mita tsakaninta da bango. A wanke ragar tace ƙura duk mako biyu. Idan ta ɗauke da tsakar dare a lokacin laima, duba tankin ruwa kafin ka kira mai gyara, ko ka sa mata siririn tiyon zubar da ruwa tun farko. Idan gas ɗinta R290 ne, yana kama wuta, kuma littafin bayani ya faɗi mafi ƙanƙantar ɗakin da za a sa ta, a bi shi. Kalmar tafi-da-gidanka kuma kada ta ruɗe ka: kilo 25 zuwa 35 ce, tayoyin na daɓe ne, ba sa hawa matakala.

Sannan a daina jira sai ɗaki ya gasu. Bango da katifa da kabad duk suna shan zafi da rana su riƙa sakinsa da dare. Ni tun kafin rana ta juyo ta tagata nake sauke labule, in kunna na'urar awa biyu kafin lokacin kwanciya, ƙofa a rufe. Idan zafi ya wuce, in zubar da ruwan cikinta, in bar ta a kan fanka kaɗai na wasu awanni ta bushe don kada ta yi fumfuna, in ajiye ta a tsaye tare da allon tagarta.