Kunun zaƙi da tukunyar lantarki mai riƙe zafi

A Turai masu dafa giya a gida da irin wannan tukunya suke jiƙa tsiron sha'ir. Mu a Sakkwato giya ba tamu ba ce, amma dabarar ɗaya ce da ta kunun zaƙi: tsiro ne ke narkar da kullu ya fito da zaƙinsa.

Ki fara da tsiron, kwana 4 kafin ranar dama kunun. Ki jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ƙaiƙayi ba, ta kwana, ki baza a jiƙaƙƙen buhu, kina yayyafa ruwa safe da yamma har ta tsiro, sannan ki shanya ki daka.

Ki jiƙa gero mudu ɗaya ya kwana, ki wanke, a markaɗo da citta, kanumfari da ɗan masoro.

Ki tafasa ruwa a tukunyar, ki zuba kullun kina damawa har ya yi kauri.

To, 'yar'uwa, nan ake yin ɓarna. Kada ki zuba tsiron alhali kunun na tafarfasa, zafin da ya kai digiri 80 yana kashe ƙarfinsa, sai ki tashi da koko. Ki jira ma'aunin zafin tukunyar ya sauko digiri 65, ki zuba garin tsiron, ki juya, ki saita tukunyar ta riƙe hakan kamar awa 2. Da idonki za ki ga kaurin ya tsinke. In aka ɗauke wuta, abin da ba baƙo ba ne, ki rufe ki lulluɓe da bargo.

Ki tace da rariyar laushi. Ki ɗanɗana tukuna kafin ki sa sukari. A zafin Afrilu kuwa ki sa a firji da ya huce, in ba haka ba kafin la'asar ya yi tsami.