Yadda ake renon sarauniyar ƙudan zuma

Ƙwan da yake zama sarauniya da wanda yake zama ma'aikaciya iri ɗaya ne, abinci da ɗakin reno ne suke raba su. Ƙwai yana ƙyanƙyashewa bayan kwana 3, kuma tsutsar da aka wadata da abincin sarauta, wato farin ruwa mai kauri da matasan ma'aikata ke fitarwa daga kawunansu, takan fito sarauniya a kwana na 16 daga ranar da aka saka ƙwan, alhali ma'aikaciya sai ta kai kwana 21.

Idan amya ta rasa sarauniya, ƙudan sukan gane cikin 'yan sa'o'i saboda gushewar ƙamshinta, sai su zaɓi wasu tsutsotsi su faɗaɗa musu ɗaki ya rataya ƙasa. Galibi ƙanana suke ɗauka, amma gaggawa takan sa su haɗa da masu kwana 2 ko 3 da ƙyanƙyashewa, waɗanda tuni suka fara cin abincin ma'aikata. A nan haɗarin yake, domin babbar tsutsa ita ce za ta riga fitowa, ta kashe 'yan uwanta tun suna cikin ɗaki, amya ta ƙare da sarauniya mai rauni. Saboda haka duk ɗakin da ka tarar a rufe kwana 4 bayan cire sarauniya, ka rushe shi.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce wadda wani mai kiwon zuma, Doolittle, ya bayyana a Amurka a 1889, domin kai ne mai zaɓen tsutsa. Ka ɗauko saƙa daga amyar da ta fi ba da zuma da sauƙin hali, ka ɗebi tsutsar da ba ta wuce kwana ɗaya ba da siririn tsinke mai faɗin baki, ka ajiye ta a ƙaramin ƙoƙon kaki yadda ka same ta, ba tare da ka juya ta ba. Ka yi aikin a inuwa kuma da hanzari, domin tsutsa ba ta jure bushewa. Sannan ka jera ƙoƙunan a sanda, bakinsu yana kallon ƙasa, ka saka su cikin amya marar sarauniya mai cike da matasan ƙuda, da zuma, da garin furanni.

A kwana na 10 bayan dashen tsutsotsin a ƙoƙunan, ka raba ɗakunan, kowanne a tasa ƙaramar amya, kada ka girgiza su ko ka bar su su yi sanyi. Sabuwar sarauniya takan fita barbara a sararin sama kimanin mako guda bayan fitowarta, don haka ka ba ta mako biyu kafin ka buɗe neman ƙwai.