Yadda Maharbi Zai Zaɓi Hanyar Hawa Bishiya Mara Nauyi

A jihohin Amurka irin su Michigan da Pennsylvania, idan watan Oktoba da Nuwamba suka kama, da yawa daga cikin maharban barewa mai farin wutsiya kwanto suke yi a kan bishiya, kamar mita 5 zuwa 6 daga ƙasa. A can sama barewa ba ta saurin hango mutum, kuma sau da yawa iska na ɗauke warinsa ta samanta. Wahalar tana wajen kayan hawa, domin wanda zai ratsa daji da ƙafa tun kafin asuba, kowane kilo a kafaɗarsa yake jin sa.

Da farko, dubi itatuwan dajin kafin ka dubi kayan kanti. Akwai kujerar hawa mai gida biyu wadda take maƙale gangar jikin bishiya, kana ɗaga na sama da hannu, na ƙasa da ƙafa. Daɗin zama gare ta, amma sai bishiya miƙaƙƙiya mara reshe, ga nauyi da kan kai kilo tara, ga ƙara. Idan itatuwan wurinka masu rassa ne, ka manta da ita.

Sai ka auna nisan tafiyarka. A ganina, mai koyo ya fara da sandunan hawa: gajerun sandunan alminiyam masu matakai, kowace kimanin kilo ɗaya, ana ɗaure su a jikin bishiya ɗaya bisa ɗaya. Uku ko huɗu sun isa, musamman in ka rataya wa ta ƙasa ƙaramin tsanin igiya. Ka ɗaura ta farko daga ƙasa, ka danna ta da ƙarfi har ta zauna daram, sannan ka zagaya bishiyar da igiyar ƙugu irin ta masu hawan falwaya. Ita ce za ta sake maka hannu biyu ka ɗaura ta gaba. Kada ka buɗa tazara. Da kayan sanyi masu kauri ƙafa ba ta miƙewa yadda ka saba.

Wasu sun rage kayan zuwa sanda ɗaya tak. Su hau, su rataye a igiya, su zaro sandar daga ƙasa su mayar sama, haka har su kai, sannan su zamo ta doguwar igiya in za su sauka. Babu nauyi, amma sai gumi, kuma gumi wari ne. Hawa da igiya zalla ya fi wannan dacewa da manyan itatuwa: ka jefa siririn zare mai nauyi a baki ya tsallake reshe mai ƙwari, ka ja babbar igiya da shi. A duhu kuwa jifar reshen kaɗai na iya cinye maka asubar.

Matakan da ake murɗawa cikin itace, masu kama da turakun da ake kafawa a jikin kuka, suna shiga aljihu, sai dai jihohi da yawa sun hana su a dajin gwamnati saboda suna raunata bishiya. Ka bincika dokar wurin tukuna.

Kowace ka ɗauka, ka sa ɗamarar tsaro, kuma kada ka rabu da bishiyar ko na ƙiftawar ido tun daga ɗaga ƙafarka ta farko. In ka kai sama, ɗaura igiyar ratayewa a jikin bishiyar daidai tsayin goshinka, ka haɗa ta da ɗamararka da ƙullin Prusik, wanda yake zamewa in ka tura shi da hannu, ya cije in nauyi ya faɗa masa. Sai ta riƙe ka sannan ka kwance ta ƙugu. Bindiga ko baka ba a hawa da su: ka cire harsashi, ka bar ta a ƙasa ɗaure da zare, ka jawo ta bayan ka zauna.

Kafin ranar farauta, gwada duk wannan da rana a tsayin mita ɗaya, wani na tsaye kusa da kai, ka yi ta maimaitawa har hannunka ya riƙa ɗaura sandar ba tare da ka duba ba.