Yadda Malami Zai Mayar da Wayoyin Ɗalibai Kayan Koyo a Cikin Aji

Kafin malami ya ce wa ɗalibai su fito da wayoyinsu, wajibi ne ya san abin da dokar makarantarsa ta tanada, domin akwai wuraren da aka hana shiga aji da waya. Faransa ta kafa irin wannan doka a shekarar 2018 ga makarantun firamare da ƙananan sakandare, amma duk da haka ta bar ƙofa a buɗe ga amfanin da ya shafi darasi idan makaranta ta amince. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2023 shi ma ya ja hankali cewa kada a shigo da na'ura aji sai idan za ta taimaka wa koyo. Don haka a fara da neman izinin shugaban makaranta, a kuma sanar da iyaye.

Bayan samun izini, malami ya zauna da darasinsa ya tambayi kansa ko akwai wani abu da waya za ta yi wanda allo da littafi ba za su iya ba. Idan babu, wayar ta yi zamanta a jaka. Idan akwai, sai ya yanka mata lokaci, misali minti goma sha biyar, ya rubuta aikin a allo tun kafin kowa ya taɓa aljihunsa, domin yaron da aka ba waya ba tare da takamaiman aiki ba zai nemo wa kansa aikin yi, kuma ba lallai ne ya yi wa malam daɗi ba.

Ga misali daga darasin kimiyya. A ɗaura ɗan ƙaramin dutse a bakin zare mai tsawon mita ɗaya, a rataye shi, a ɗan ja shi gefe a sake shi ya riƙa lilo. Ɗalibi ɗaya ya riƙe waya yana auna lokaci da agogonta, wani yana ƙirga zuwa da dawowa har sau goma, na uku kuma yana rubutawa a takarda. Za su samu kusan daƙiƙa 20. Sai a rage zaren zuwa santimita 25 a maimaita, lokacin zai sauko zuwa kusan daƙiƙa 10. Daga nan a sauya dutsen da wanda ya fi shi nauyi, a bar ɗaliban su yi gardama a kan abin da zai faru kafin a gwada. Da yawansu za su rantse cewa lokacin zai canja, sai ga shi bai canja ba. A darasin harshe kuwa, ɗalibi ya naɗi muryarsa yana karatu, ya saurara, ya gano da kunnensa inda ya haɗiye harafi ko ya tsallake aya. A ganina wannan ya fi gyaran da malami zai yi masa a gaban jama'a tasiri, tunda babu kunya a ciki.

Duka ayyukan biyu ba sa bukatar intanet, kuma da gangan na zaɓe su. Idan aiki bai bukaci intanet ba, kowa ya danna alamar jirgin sama wadda ke katse kira da saƙonni, saboda saƙo guda ya isa ya ɗauke hankalin yaro daga darasi. Idan kuma ana bukatar manhaja, kamar GeoGebra ta lissafi, ko Kiwix da ke ba da damar karanta Wikipedia ba tare da data ba, a sauke ta tun daga gida, malami kuma ya gwada ta a wayarsa tukuna.

Raba aji rukuni-rukuni, mutum uku ko huɗu a kan waya ɗaya, yana rufa asirin wanda ba shi da waya ko wanda tasa ta tsufa, kuma ya fi sauƙin sa ido. Sai dai a kula kada mai wayar ya zama shi kaɗai ke aikin sauran suna kallo. A riƙa karɓa-karɓa.

Dokar da ba ta da sassauci ita ce ta hoto: ba a ɗaukar hoto ko bidiyon kowa ba da yardarsa ba, ba a kuma ɗora abin da aka ɗauka a aji a kafofin sada zumunta. Malami ya riƙa zagayawa tsakanin kujeru maimakon tsayawa a gaban allo, idan lokaci ya cika kuma a kife wayoyin a kan tebur, kowane rukuni ya faɗi abin da ya gano, kowane ɗalibi ya rubuta sakamakon da hannunsa a littafinsa kafin a tashi.