Darasi Na 9: Fita Fadama Tare Da Malamin Daji

Wanda ya tashi a ƙauye ba baƙon daji ba ne. Ya san kukan kurciya, ya san sawun zomo, ya san lokacin da goriba ke nuna. Abin da wannan darasi zai ƙara masa shi ne ya iya dubawa a natse, ya ƙirga, ya rubuta, don kada abin da ido ya gani bana ya ɓace kafin baɗi. Da fadamar Haɗeja da Nguru za mu yi misali, amma abin da za a faɗa zai yi aiki a bakin rafin garinku ko a dajin da ke bayan gonarku.

Inda fadamar take

Kogin Haɗeja daga wajen Kano ya taso, kogin Jama'are kuma daga tsaunukan Jos. Da suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin Jigawa da Yobe, sai ruwan ya rasa gangare, ya bazu tsakanin tuddan yashi, ya zama tafkuna da fadamu. Wanda ya rage shi ne yake zama kogin Yobe, ya nufi Tafkin Chadi. A nan ake noman shinkafa, a kama kifi, a yi kiwo, a yi lambu da rani. A nan kuma aka keɓe dajin Baturiya a Jigawa da na Dagona a Yobe domin tsuntsaye. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin da ƙasashen duniya suka yi yarjejeniyar kiyayewa, kuma su ne na farko a Nijeriya.

Kafin a fita

A nemi izinin mai unguwa, in kuma wurin keɓaɓɓe ne, a nemi na ma'aikatan gandun daji. A fita bayan sallar asuba, ko bayan la'asar, don da rana tsaka kowace dabba ta nemi inuwa. A sa tufafi masu duhu, ba farar riga ba, da takalmi rufaffe saboda ƙaya da maciji. A riƙe sanda da gorar ruwa da ƙaramin littafi da fensir. Fensir ya fi biro a nan, don ko takarda ta jiƙe rubutunsa ba ya zuba.

Abu biyu ne malamin daji ba ya wasa da su. Kada a sa hannu cikin rami ko shuri. Kada a shiga kwantaccen ruwa ba dole, domin a irinsa ake ɗaukar tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini.

A ƙarƙashin gawo

'Yan wani ajin yaƙi da jahilci sun fita da malamin daji wata safiya cikin hunturu. Ba su yi nisa ba ya tsaya a gindin wani gawo, ya juya ga dattijon da ya fi kowa shekaru.

"Baba, me ka gani a jikin itacen nan?"

"Malam, gawo ne mana. Tun ina yaro yake nan."

"Haka ne, Baba. To, dubi kukar can. Tana da ganye?"

"Babu ko ɗaya. Ai rani ya shigo."

"Shi kuma gawon?"

Dattijo ya ɗaga kai, ya yi murmushi. Gawo kore shar, alhali itatuwan da ke kewaye da shi sun kaɗe.

Wannan hali na gawo kowane manomi ya san shi, amma ba kowa ne ya tsaya ya auna amfaninsa ba. Da damina yake zubar da ganye, daidai lokacin da gero da dawa suke bukatar rana, don haka ba ya yi musu inuwa. Ganyen da ya zubar ya ruɓe ya zama taki. Da rani kuma, lokacin da ciyawa ta ƙare, sai ya yi ganye da 'ya'ya, dabbobi su taru a inuwarsa su ci, su bar kashinsu a wurin. Shi ya sa shukar da ke gindin gawo take fin ta tsakiyar gona kyau. Wanda ya sare gawo don itacen girki, ya sayar da takin shekaru masu yawa a kan wutar mako ɗaya, kuma wannan asara ce da ya kamata a riƙa faɗa wa juna ba kunya. In ka ga ɗan gawo ya tsiro a gonarka, ka kewaye shi da ƙaya, ka bar shi.

A bakin ruwa

Da suka doshi tafki, malam ya ɗebi ƙasa ya sake ta, ya ga inda iska ta kai ƙurar. Ya ce a bi ta inda iska za ta riƙa bugun fuska, don kada ta kai wa dabbobi warin mutum da motsinsa. Aka daina magana. Aka zauna a bayan wata bagaruwa.

Da farko kamar babu komai. Bayan ɗan lokaci sai ido ya saba. Ga zalɓe tsaye cikin ruwa ko motsi ba ya yi, yana dakon kifi. Ga balbelu suna bin shanu suna cafke farin da ƙafafunsu suka tayar. Ga garken kirinjijiya ya tashi yana fito. A kan laka kuma ga sawun guza, da layin da jelarsa ta ja a tsakiya.

Malam ya nuna wasu ƙananan agwagin ruwa can nesa, ya ce waɗannan baƙi ne. A Turai suke ƙyanƙyasa. In sanyin can ya matso, sai su taso, su ƙetare teku, su ƙetare Sahara, su iso nan wajen watan Oktoba, su zauna har Maris ko Afrilu. Shamuwa kuwa akasin haka take yi. Ita da rani kudancin Afirka take tafiya, ta dawo mana gab da saukar damina, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari. Shi ya sa manomi in ya gan ta yake fara gyaran gona.

Wata mata a cikin ajin ta ce mijinta ya taɓa samun tsuntsu a cikin komarsa da ɗan zoben ƙarfe a ƙafa, suka ɗauka abin tsafi ne, suka jefar.

Malam ya ce, "Ba tsafi ba ne, Iya. Masu binciken tsuntsaye ne suke sa shi. A jikinsa akwai lamba da sunan wurin da aka sa shi. Yanzu da kika iya karatu, in kin sake ganin irinsa, ki kwafe lambar da haruffan duka, ki rubuta rana da wurin, ki kai wa ma'aikatan daji. Ta haka ake sanin hanyar da tsuntsu ya biyo."

Abin da ya ragu da abin da ya ƙaru

A hanyar dawowa suka ratsa gefen kacala, doguwar ciyawar nan da ta fi mutum tsayi. Dattijon ya ce da ƙuruciyarsa nan ruwa ne fili, jirgi yana wucewa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin zuwan ruwa ya sauya. A da, ambaliya takan zo da ƙarfi da damina, fadama ta bushe da rani. Yanzu wasu wuraren ruwa kaɗan ne yake kwance a cikinsu shekara duka, kuma irin wurin da kacala take so ke nan. Ta toshe mashigai, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama maɓoyar jan baki, tsuntsun da ke gamawa da shinkafa da gero.

Malam ya tambaye su yaushe rabon su da ganin gauraka. Aka yi shiru. Ya ce ungulu fa? Wani ya ce da can mahauta ba ta rabuwa da su, yanzu sai a yi wata ba a ga ɗaya ba. Gauraka kama ta aka yi ta yi ana kai wa gidajen masu hali. Ungulu kuwa guba da masu sayen sassanta don magani ne suka rage ta. Ita ce take kwashe mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta, kuma ba ta karɓar lada. Ni a ganina babu maganin da ya kai wannan aiki nata daraja.

Yadda ake rubutawa

Kowace fita a ba ta shafinta. A sama a rubuta rana da wuri da lokaci. A ƙasa a rubuta abin da aka gani da yawansa, kamar haka:

Asabar, 12 ga Janairu. Bakin tafki, ƙarfe 7 na safe. Akwai hazo. Zalɓe 2. Balbela 35. Kirinjijiya kamar 120. Sawun guza 1.

In garke ya yi yawa, a ƙirga goma, a riƙe girman wurin da goman suka cika, sannan a auna sauran da shi, goma-goma. In ba a san sunan tsuntsu ba, a rubuta girmansa da launinsa da siffar bakinsa, a tambayi maharbi ko masunci. Kada a rubuta abin da ba a gani ba. In yau babu ungulu, a rubuta: Ungulu 0.

Tambayoyi

1. Waɗanne koguna ne suke shayar da fadamar Haɗeja da Nguru?
2. Me ya sa shuka take yin kyau a gindin gawo?
3. Me za ka yi in ka sami zobe a ƙafar tsuntsu?

Aikin gida

Ka sami tsoho ko tsohuwa a unguwarku. Ka tambaye su tsuntsaye da dabbobi da itatuwa guda 5 da suka sani da ƙuruciya waɗanda yanzu ba a ganinsu. Ka rubuta sunayen, da wurin da suke ganinsu a da, ka kawo aji ranar darasi na gaba.